Ranar da Yaya Balaraba Ta Sa Sunanta a Ƙasan Rubutu

A watan nan Yaya Balaraba ta cika shekara tara a ƙasa. Ita ce babbar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har na gama karatu na fara koyarwa. Mutanen Unguwar Dosa sun san ta a matsayin ma'aikaciyar gwamnati mai fita da sassafe, mai yawan gaisuwa, wadda ba a taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba. Wasu kuma, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarta ba, sun san ta ne da wani rubutu guda da ta yi a intanet, kuma har gobe akwai masu tsine mata saboda shi, akwai masu yi mata addu'a. Na daɗe ina son in rubuta abin da na gani da idona a lokacin. Duk shekara sai in zauna in fara, sai gabana ya faɗi in tashi. Bana dai na daure.

Yaran yanzu ba za su tuna zamanin ba. Kafin kowa ya koma magana a bidiyo, akwai lokacin da mutum kan buɗe shafi a intanet, abin da ake kira bulog, ya riƙa zuba dogon rubutu mutane na karantawa suna tsokaci a ƙasa. Mu shida ne muka haɗu muka buɗe namu, maza huɗu mata biyu, duk Musulmi mazauna Kaduna, yawancinmu ma'aikata. Muka sa masa suna Tabarmar Alhamis, don ran Alhamis muke sakin sabon rubutu. Abubuwan yau da kullum muke taɓawa ta fuskar addini: yadda ma'aikaci zai tsare sallarsa a ofis, gajiyar yaran da ke haɗa boko da islamiyya, haƙƙin maƙwabci a gidan haya. Babbanmu shi ne Malam Isyaku, malamin Larabci a wata sakandare, mutum mai sanyin magana da kowa ke jin nauyinsa. Shi ya kafa mana ƙa'ida biyu. Ta farko, babu mai sa sunansa, kowane rubutu zai fita ne da sa hannun 'Yan Tabarma. Ta biyu, babu abin da zai hau shafi sai sauran sun karanta sun yarda.

A wancan lokacin masu rubutun addini a intanet sun kasu biyu, kuma kowane ɓangare na ganin shi ke kan daidai. Akwai irinmu masu shafin tarayya, akwai kuma masu shafin kansu, mutum ɗaya da sunansa da hotonsa. Malam Isyaku ba ya son na biyun. Yakan ce mutum shi kaɗai babu mai riƙe masa hannu in zai yi kuskure, kuma kuskure a maganar addini ba kamar kuskure a maganar ƙwallo ba ne. Yakan ce son a sani yana shiga zuciya ba tare da sallama ba. Dalilinsa na uku ba ya cika faɗinsa a fili, amma duk mun san shi: wanda ya girma a garin nan ya ga abin da magana ɗaya za ta iya jawowa kafin rana ta faɗi. Yaya ta yarda da shi rabi da rabi. Tana son a karanta mata a gyara mata, amma takan yi ƙorafin cewa rubutun da ya bi ta hannu shida yana fitowa salam, kamar miyar da kowa ya zo ya ƙara wa ruwa. Ta taɓa dawowa daga ofis tana dariya, wai wata abokiyar aikinta Kirista, 'yar wata ƙaramar ɗariƙa, ta ce mata su ma marubutansu na intanet wannan gardamar suke yi. Ta ce ashe ba mu kaɗai Allah ya jarrabta da ita ba.

Da dariya ake gardamar har ranar da maganar Saude ta taso.

Saude matar Haruna ce, direban ofishinsu Yaya, wani Bakatsine mai ladabi da ke haya a Hayin Banki. Ta haihu lafiya, aka yi suna, Yaya ma ta je. Ana cikin jego sai ta daina barci. Ta fara magana ita kaɗai, ta ƙi ba jaririn nono, tana cewa ba nata ba ne an musanya mata. Maƙwabta suka ce aljanu ne, aka kai ta wurin wani mai ruƙiyya da ya yi suna a yankin. Ban faɗi sunansa a lokacin ba, ba kuma zan faɗa yanzu ba. Bayan kwanaki Yaya ta lura Haruna ya rame, yana tuƙi yana share ido. Da ta matsa masa ya gaya mata, sai ta ce ya kai ta ta dubo mara lafiya. Ta kira ni na raka su, wata Asabar da hantsi.

Ɗaki ne a bayan gida, an rufe tagarsa da buhu, hayaƙin turare ya cika shi har ido na yaji. Saude na kwance a ƙasa, an ɗaure ƙafafunta da igiya a jikin wani ƙarfe. Akwai wasu mata biyu a lungu, ɗaya na waƙa a hankali. Ni daga bakin ƙofa na tsaya, amma da Yaya ta durƙusa ta ɗaga mata mayafi na hango sawun dorina a bayanta, wasu sun bushe wasu sababbi. Mai wurin ya yi mana bayani cikin natsuwa cewa ba ita ake duka ba, wanda ke jikinta ne ke jin zafin. Ina jin ya gaskata abin da yake faɗa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da a ce ƙarya yake yi. Yaya ba ta yi masa musu ba. Ta gode masa, ta ja Haruna gefe ta ce masa matarsa ce, shi kaɗai ke da ikon ya ce a kwance ta. Haruna na tsoron in ya ɗauke ta wani abu ya same ta a ce shi ya jawo. Daga ƙarshe ya ce a kwance ta, aka kwance. Daga nan asibiti muka wuce. Likita ya ce ciwo ne sananne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Bayan 'yan makonni Saude ta karɓi ɗanta da hannunta, ta yi ta kuka tana tambayar wa ya yi mata wannan ciwo a baya.

Yaya ta zauna ta rubuta abin da ta gani. Na karanta rubutun nan ya fi a ƙirga, don haka na san abin da ke ciki da abin da babu. Ba ta ce babu aljanu ba. Ba ta ce kada a yi wa mara lafiya karatu ba, ta ma ce ita da bakinta ta yi wa Saude tofi a gadon asibiti. Abin da ta ce shi ne karatu rahama ne, dorina kuwa ba ta cikinsa, kuma kai mai jego asibiti ba raunin imani ba ne. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta tura wa 'yan Tabarma kamar yadda aka saba.

Muka haɗu a zauren Malam Isyaku bayan la'asar, matan daga ciki-ciki kusa da ƙofar tsakar gida. Babu wanda ya ce ƙarya ta yi. Ɗaya ya ce a cire sunan unguwar, don kowa zai gane wurin. Wani ya ce a cire maganar igiya da dorina, a bar nasiha kawai. Wani ya ce a jira bayan azumi, zukata sun yi sanyi. Ni da na gani da idona na ce a saka. Malam Isyaku ya ce mutumin nan yana da mabiya masu yawa, kuma ba za a karanta rubutun a matsayin tausayin Saude ba, za a karanta shi ne a matsayin 'yan boko sun taso wa malamai.

Yaya ta ce, “Allah gafarta Malam, na yarda a cire sunan unguwa. Amma in an cire igiya da dorina, me ya rage? Su na je na gani. Kuma mun baro mata biyu a ɗakin nan.”

Malam ya ce, “Malama, in ya fita da sunan Tabarma, ba a san wa za a nema ba, sai a nemi duk wanda ake zato. In ya fita da sunanki, ke kaɗai za a nema, kuma an san gidanki.”

Ta ce ta sani. Ta ce ba za ta jawo wa kowa abin da bai shirya ɗauka ba. A makon ta buɗe shafinta, ta cire sunan unguwar kamar yadda aka ba ta shawara, ta saka sauran yadda yake, ta rubuta cikakken sunanta a ƙasa. Da na tambaye ta ko ba za ta yi amfani da wani suna ba, sai ta ce shaidar da ba a san mai ita ba, ko alƙali ba ya karɓa.

Idan na tuna yadda abin ya fara, sai in kwatanta da yau in ji sanyi ya ratsa ni. A lokacin sai da aka yi kwanaki shiru. 'Yan tsirarun da suka karanta suka yi godiya, wata ma ta rubuta cewa haka aka yi wa ƙanwarta. Har muka fara cewa Malam ya cika tsoro. Sai wani, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya yanko sakin layi ɗaya daga tsakiya, ya ɗora masa kanun cewa wata ma'aikaciya a Kaduna ta ce babu aljanu, ta kuma yi wa waraka da Alƙur'ani izgili. Wannan guntun ne ya shiga wayoyi. Ya yi yawo daga hannu zuwa hannu, ya isa wurin mutanen da ko shafin ba su taɓa buɗewa ba. A zamanin ya ɗauki kusan mako kafin ya kewaye gari. Yau da azahar za a yanka, kafin la'asar an gama yanke hukunci.

Tsokacin da ke ƙarƙashin rubutun ya rikiɗe. Da farko zagi ne, sai kafirtawa, sai kuma masu tambayar a ina take. Wayarta ta fara ƙara daga lambobin da ba ta sani ba. Wasu su yi zagi su kashe, wasu su yi shiru kana jin numfashinsu. Wanda ya fi girgiza mu saƙo ne gajere, babu zagi ko ɗaya a cikinsa. Mai shi ya faɗi launin get ɗin gidanta, ya faɗi irin hijabin da ta sa ranar, ya kuma ambaci makarantar da 'yarta ke zuwa. Ya ƙare da cewa Allah ya ba ta lafiya. Mijinta na aiki a wata jiha, sai bayan mako biyu yake zuwa. Washegari muka kai yarinyar Zariya wurin gwaggonmu, na kwaso kayana daga Kinkinau na dawo ɗakin waje na gidanta. Mun kai rahoto inda ya kamata, aka saurare mu, aka ce mu riƙa lura.

Masu ba da labarinta yanzu suna son su ce jaruma ce da ba ta san tsoro ba. Ba haka na gan ta ba. Na ga tana zuba shayi yana zubewa a tire. Na ga ta daina cin abinci sai an matsa. In babur ya rage gudu a ƙofar gida, sai ta dakata da duk abin da take yi, ta kasa kunne har sai ya wuce. Ta ajiye hijabanta da aka san ta da su ta ari na matata. A ofis wasu da suka shekara suna cin abinci tare suka koma gaishe ta daga nesa, shugabanta a wurin aiki ya ba ta shawarar ta ɗauki hutu. Mai shagon da take sayen burodi wurinsa tun tana amarya ya riƙa miƙa mata kaya yana kallon wani wuri. Ta ce min wannan ya fi mata ciwo fiye da zagin waɗanda ba ta sani ba.

Mijinta ya roƙe ta ta waya ta sauke rubutun, ni ma na ce mata ta duba. Wata rana da safe har ta buɗe kwamfutar don ta goge, ta zauna tana kallon allon, sannan ta rufe. Ta ce in ta goge nata, abin da zai rage a duniya shi ne guntun da aka yanka, kuma daga ranar shi zai zama maganarta har abada.

Ran wata Laraba wani maƙwabci dattijo ya tare ni a hanyar masallaci, ya rage murya ya ce ya ji ana cewa wasu samari za su zo bayan Juma'a su yi wa Hajiya nasiha. Yadda ya furta kalmar nasiha ya ishe ni bayani. Na ce wa Yaya mu tafi Zariya. Ta ce in ta bar gidan a rufe za su ƙona shi, kuma maƙwabta na jikinsa ta kowane gefe. Ban san ko hujja ce ko kuwa ƙafafunta ne suka ƙi ɗaukarta ba. Na je na sami Malam Isyaku na gaya masa. Bai ce ai ya faɗa ba. Ya tambaye ni wane masallaci ne mafi kusa da gidan, sannan ya ce in je.

Washegari Alhamis, Tabarma ta saki rubutun Yaya gaba ɗaya, harafi bai canza ba. A samansa Malam ya rubuta 'yan layuka cewa sun karanta shi tun kafin ya fita, ba su ga abin da ya saɓa wa addini a ciki ba, kuma jinkirin da suka yi na tsoro ne, ba na shakka ba. A ƙasa akwai sunaye biyar, nawa a ciki. Ranar ce ta farko da wani ya san su wane ne 'Yan Tabarma. Daga baya na ji cewa sai da aka kai ruwa rana kafin biyu daga cikinsu su amince.

Ran Juma'a na yi salla a sahun baya na fito da sauri. Na tarar Malam da sauran mazan biyu sun riga ni, sun jawo bencin mai shayi sun zauna a ƙofar gidan cikin rana. Malam ya ce in shiga ciki in kulle, in zauna da 'yar'uwata. Na same ta a tsaye a tsakiyar falo da carbi a hannu, ba ja take ba, riƙe shi kawai take, leɓɓanta sun bushe. Na koma bayan get na sa ido a 'yar kafar da ke jikinsa.

Sun zo. Ba su kai yawan da na zata ba, amma sun isa su yi duk abin da suka ga dama. Yawancinsu samari ne cikin fararen kayan Juma'a, wasu da sanduna, bayansu kuma 'yan kallo. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda suka taho ba hayaniya, sai ƙarar takalma. Na ji fitsari ya kama ni, na riƙe ƙarfen get da hannu biyu. Malam bai tashi ba. Ya yi musu sallama, wasu suka amsa don ba yadda za su yi. Ya kira biyu daga cikinsu da sunan ubanninsu, ashe ya koyar da su. Ya tambaya wa ya karanta rubutun daga farko har ƙarshe. Wani ya ce ba sai sun karanta kafirci ba. Malam ya ce to shi zai karanta musu, in sun ji kafirci a ciki su fara da shi, don sunansa na ƙasa. Ya zaro takarda daga aljihu ya fara. Ina jin muryarsa daga bayan get.

Ba zan ce karatun ya sauya zukata ba. Wasu sun saurara, na ga 'yan baya na zamewa ɗaya-ɗaya. Wasu kuma suka fara ihu don kada a ji. Dutse ya daki get ɗin daidai kaina, ƙarar ta sa na durƙushe. Dutse na biyu ya tsallake katanga ya fasa gilashin taga, na ji Yaya ta yi salati a ciki. Na uku ya sami Malam a kafaɗa, ya dafa wurin, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ana haka mai unguwa ya iso da dattawan layin, har da wanda ya ba ni labari. Suka shiga tsakani, aka yi ta cacar baki, har ladan ya kira la'asar. Taron ya watse a hankali, wasu na waiwaye suna nuna gidan da yatsa. Da na koma ciki na tarar da ita zaune a ƙasa cikin fasassun gilashi, ta kasa tashi. Abin da ta fara tambaya shi ne ko Malam ya ji rauni.

Haruna bai zo ba ranar. Ya riga ya mai da Saude garinsu, shi ma yana kwana a wurin 'yan'uwa, don an gane matarsa ake nufi. Babu wanda ya ga laifinsa. Wurin mai ruƙiyyar kuwa ba a rufe shi ba. Mun dai ji an ce ya daina ɗaure mutane, wasu kuma suka ce ya koma yi a ɓoye. Matan nan biyu da muka baro, ba mu taɓa sanin yadda suka ƙare ba, kuma Yaya ta riƙa ambatonsu har ƙarshen ranta.

Tabarma ba ta daɗe ba bayan nan. Da sunaye suka fita, kiran waya ya koma kan kowa. Ɗaya surukansa suka sa shi gaba, ɗayar macen kuwa mijinta ya ce ya isa haka. Alhamis ta fara wucewa babu rubutu, har muka daina lissafi. Abin da Malam ya ji tsoro ya faru, shafin da ya gina don ya kare mu ya mutu a ranar da ya fito ya kare mutum ɗaya. Na taɓa tambayarsa ko yana da-na-sani. Ya ce da-na-saninsa ɗaya ne, da ya sa hannu tun a zaure, wataƙila da guntun bai samu wurin zama ba. Sai kuma ya ce wataƙila da gidaje shida aka jefa maimakon ɗaya. Har yanzu yana raye, ido ya yi rauni, kuma bai yanke wa kansa hukunci a kan wannan ba.

Yaya ta ci gaba da rubutu a shafinta jefi-jefi, kan abubuwa masu sauƙi. Barazanar ta lafa, 'yarta ta dawo, mai shago ya koma kallon idonta. Amma ba ta koma yadda take ba. Ba ta ƙara zama da baya ga ƙofa ba. Hawan jini ya kama ta, bayan shekara biyu ya taɓa ƙoda, daga nan kwanciya ta zo. Babu likitan da ya ce tsoro ne ya kashe ta, kuma mahaifiyarmu ma da hawan jini ta rasu. Kwana ne ya ƙare. Amma ni da na zauna da ita na san ba da jikin da ta shiga wannan shekarar ta fita ba.

A asibiti, wata rana da yamma da ta ɗan samu sauƙi, na tambaye ta in da za a maimaita, a Tabarma za ta tsaya ko shafinta za ta sake buɗewa. Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, “Nura, sunana zan sake sawa. Amma ba zan so in sake zama ni kaɗai ba, ko na yini ɗaya. Kada ka bari a ce ban ji tsoro ba. Ban taɓa daina ji ba.”

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yau. Gardamar da suka yi da Malam ta mutu ba tare da kowa ya ci ba. Shafukan tarayya irin namu sun ɓace, babu mai haƙurin jira mutum biyar su karanta masa kafin ya saki magana. Kowa ya zama mai shafin kansa, da fuskarsa da muryarsa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ta ɗauka sa suna zai sa mutum ya ji nauyin abin da zai faɗa, ga shi yau da suna da fuska ake yanka maganar mutane a watsa. Malam ya ɗauka taro kariya ne, ga shi tarukan da suka rage a wayoyinmu yawancinsu na farauta ne, a nuna mutum a ce ku far masa. Ina jin da za ta firgita fiye da yadda ta firgita a wancan lokacin. Ina kuma jin da za ta tambaya, cikin dubban masu bin mutum a waya, mutum nawa ne za su jawo benci su zauna masa a ƙofa.

In na auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa a ido. Shafin yana nan, ba mai kula da shi, zagin da godiyar na jere a ƙasa kamar yadda aka bar su. Saude na raye, ta ƙara haihuwa, kuma da ciwon ya so dawowa asibiti aka fara kai ta. Ban san ko akwai wasu irinta ba, ba zan ƙirƙiro su don in ƙawata labari ba.

Sai kuma abin da ya rage a jikina. Kwanakin baya aka taso wa wata yarinya 'yar jami'a, ban san ta ba, saboda ta yi tambaya a kan wani abu da ta gani ana yi da sunan addini. An yanke maganarta, an fara tambayar unguwarsu. Na nemo cikakken abin da ta ce na saurara har ƙarshe. Na rubuta a ƙasa cewa na ji duka, ban ji saɓo a ciki ba, na sa sunana da aikina. Na daɗe yatsana na kan waya kafin in tura. Da na tura, na fita na duba sakatar get, na dawo na ce wa matata kada yara su yi wasa a waje yau. Kafin magariba mutum uku suka rubuta irin nawa a ƙarƙashina, ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ban ci abinci ba ranar, amma ban goge ba.

Allah ya jiƙan Yaya Balaraba, ya sanyaya makwancinta, ya ba ta amincin da ta rasa a shekarunta na ƙarshe. Mu da muka rage, Allah kada ya bar ɗayanmu shi kaɗai a bayan ƙofa.